A bar uwa ta shayar da ɗanta

Na karanta rahotonku kan yadda masu yawon buɗe ido ke tururuwa zuwa tsibiran Tonga domin kallon kifin wel, har da yin iyo kusa da shi. Abin sha'awa ne, musamman da yake tun 1978 sarkin ƙasar ya haramta farautarsa. Amma hoton da kuka saka, na jiragen ruwa sun kewaye uwa da ɗanta, ya tsaya mini a rai.

Sunan kifi kawai muke ba ta, amma dabba ce mai shayarwa. Tun daga tekun Antatika take yin tafiyar dubban kilomitoci ta zo ta haihu a ruwa mai ɗumi, daga Yuli zuwa Oktoba. Duk tsawon watannin nan kusan ba ta cin komai, kitsen jikinta take ƙonawa tana ba da nono. To duk sanda ƙarar inji ta firgita ta ta nutse, ƙarfin komawa gida ne ke raguwa, jaririn kuma dole ya bi ta ko bai ƙoshi ba.

Ban ce a hana mutanen tsibiran Vava'u na ƙasar Tonga neman halaliyarsu ba, Allah ya sani. A dai rage yawan jirage, a kashe inji daga nesa, in uwa ta juya baya a ƙyale ta.