Shekara 13 ina bin layi, yau an ce shekarata 2

Tun safe nake danne zuciyata, na yi alwala, na sha ruwan randa, na je na zauna wajen mai shayi a Yelwa ko hira za ta ɗauke min hankali, abin ya ƙi sauka. To bari in amayar da shi nan ko na samu in runtsa kafin asuba. Duk wanda ya taɓa riƙe sitiyarin kamiyo, wato babbar motar kaya, a Garwa ta ƙasar Kamaru ya san abin da allon rabon tafiye-tafiye na safiyar Litinin ke yi wa mutum, ba sai na tsaya yi masa karatu ba.

A 2012 aka damƙa min makulli a depon da nake. Kafin nan shekara 5 na yi ina motoboi, ni ne sa weji, ni ne ɗaure tamfol, ni ne kwana ƙarƙashin mota ina gadin batir maigida na can cikin gari yana barci kan katifa. Ranar da marigayi Alhaji mai depon ya miƙo min makullin nan cewa ya yi, yaro, nan gidan muna da ansiyante, wato daɗewa a aiki, wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, manya su zaɓi lodi ku ku ɗauki abin da ya rage, wata rana kai ma za ka zaɓa. Na ce to Alhaji, Allah ya kai mu. Kuma wallahi har cikin raina na yarda da maganar, don ban ga aibunta ba. Mutumin da bayansa ya gama cinyewa a hanya ai ya cancanci a sassauta masa.

Abin da manya ke zaɓa kuwa kowa ya sani. Marwa. Kilomita 200 da 'yan kai, ka bi ta Pitowa, ka wuce Figil, duk da ramukanta dai kwalta ce, ka sauke shinkafa da sukari da man girki, in Allah ya so ka samu albasa ka ɗoro a dawowa, ɗan abin da ya faɗo naka ne da yaronka, washegari kana gida kana cin tuwon matarka da zafinsa. Ko Gidar. Ko a aika ka Figil ɗaukar siminti, ka je ka dawo rana ba ta faɗi ba. Mu kuma 'yan baya sai a jefa mu ƙauyukan Mayo Rai da bayan Poli, inda da zarar kwalta ta ƙare sai kai da Allahnka, tafiyar da a takarda kwana 1 ce amma a damina sai ta cinye kwana 4, ka tarar an sa sandar ruwan sama an tare hanya ka zauna kana kallon sama kamar manomi, ka wuce nan ka kafe a taɓo ka biya samarin ƙauye su tona ka daga aljihunka, buhun fulawa ya jiƙe a cire a albashinka, sifirin ya karye a ce gangancinka ne. Kuma a kan tafiya ake ba mu kuɗin hanya, ba a kan kwana ba. Wanda ya je Marwa sau 3 a sati da wanda ya kwana 4 cikin laka a tafiya 1, ku yi lissafin da kanku.

Haka na yi ta yi. Shekara ta zo ta wuce, ina ƙirga na gabana kamar mai jan carbi. Mutum 8 ne a gabana da na shigo. Biyu sun rasu, Allah ya jiƙansu, ɗaya ya koma jan tirela tsakanin Ngaundare da Njamena, ɗaya ciwon baya ya kwantar da shi. Bara na duba na ga ni ne na 5, na ce alhamdulillahi, ƙanshin Marwa ya fara zuwa.

Yau da safe na shigo na tsaya gaban allo. Sunana, Rai Buba. A watan Agusta. Da tsohuwar motar nan da tayoyinta na baya suka yi sumul kamar tafin hannu. Na ce to ba komai, ba yau aka fara ba. Sai idona ya hau sama layin Marwa, na ga sunan wa? Yaron da ni na koya wa ribas. Yaron da shekara 3 baya yake bayan motata yana riƙe min weji, wanda na taɓa tsayawa a Ngong na saya wa maganin zazzaɓi da kuɗina, permi ɗinsa, wato lasin tuƙi, ko tawada bai gama bushewa ba. Kuma sabuwar motar aka ba shi. Ba na jin haushin yaron, Allah ya gani, yana hango ni ya sunkuyar da kai ya zagaya bayan magaze. Amma duk depon an san ƙanin matar wa ne.

Na nufi ofishin shef ɗin depo. Shi ma yaro ne, in ya yi yawa shekara 30, bai taɓa canza taya ba a rayuwarsa, yana zaune fanka na kaɗa shi, kofin shayi a gefe, waya a hannu yana kallon ƙwallon jiya.

Na ce salamu alaikum. Shiru. Na sake. Shiru. A ta ukun ne ya ce "uhm", idonsa na kan waya.

Na ce Shef, barka da asuba, an tashi lafiya? Na zo ne kan maganar allo, ina ga kamar an samu kuskure.

Ya ɗauki shayi ya kurɓa, a hankali, ya ajiye, ya goge baki da bayan hannu. Sannan ya ce, "Ka iya karatu ko sai an karanta maka?"

Jama'a, na haife shi fa in da na yi auren wuri. Na haɗiye. Na ce na karanta Shef, shi ya sa na zo, ai bisa tur, wato layin da muke bi, ni ke da Marwa wannan satin, tunda Baba, dattijon direbanmu, an ba shi Gidar, sauran ukun kuma suna hanya.

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni, daga silifas har hula, irin kallon da ake yi wa almajirin da ya shigo ba sallama. Ya ce, "Tur? Wane tur? Kai a wa?"

Na ce ni a wanda ya shekara 13 a gidan nan.

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Ya juyo da kwamfutarsa, ya danna, ya danna, ya sa bakin biro kan gilashin yana ƙwanƙwasawa kamar malamin lakwal, wato makarantar boko. Ya ce, "Zo ka gani. Me aka rubuta nan? 2023. Shekararka 2. Kai da shi rana ɗaya kuka shigo. Ni da mashin nake aiki, ba da tatsuniya ba."

Tatsuniya. Shekara 11 na rayuwata sun zama gatanan gatananku.

Abin da ya faru a 2023 shi ne Alhaji ya rasu, 'ya'yansa suka gaji depo suka canza masa suna, aka tara mu aka ce kowa ya sa hannu a sabuwar kwantara, wai gyaran takardu ne kawai, babu abin da zai canza. Da Faransanci aka rubuta, shafi 4, aka ce mu yi sauri motoci na jira. Muka sa hannu. Ashe rannan aka sake haihuwarmu ba mu sani ba, ko ragon suna ba a yanka ba.

Na ce to Shef, in haka ne ai Baba ma 2023 ya sa hannu, tare muka tsaya a layi, me ya sa shi har yau yake zaɓa?

Ya ce, "Baba dattijo ne, ana girmama shi."

Na ce ni kuma fa?

Ya ce, "Kai mashin ta ce 2."

Kun ji fa. In ana so a hana ka, a buɗe mashin. In ana so a ba wani, a rufe mashin a ɗauko al'ada. In al'adar da mashin ɗin duk sun ƙi, a ce ai sabuwar mota sai yaro mai ƙarfin ido. Ansiyanten nan roba ce, shef ke riƙe da bakinta, ya ja ta inda ya ga dama ya sake ta a fuskar wanda ya ga dama. Ko kuɗin gazuwal, wato man dizal, da mashin ɗin ke lissafa min, da kilomita take lissafawa, ita a wajenta kilomitar kwalta da kilomitar taɓon da kake giya ɗaya injin na kuka duk uwarsu ɗaya. Ita mashin ta taɓa zuwa Rai Buba a damina?

Na ce to aƙalla a canza min tayoyin baya biyu. Ya riga ya koma kan ƙwallonsa. Ya ɗaga hannu ya nuna ƙofa da biro, ko kallona bai yi ba, ya ce, "Malam, in ba za ka je ba ajiye makulli kan tebur. Leƙa waje ka ga masu permi nawa ke zaune ƙarƙashin dalbejiya."

Na leƙa kuwa da na fito. Bakwai na ƙirga. Biyu na san su, direbobi ne na gaske, ɗaya ma ya girme ni. Makullin na aljihuna na damƙe shi har ya yi min shaida a tafi, na tuna kuɗin haya, na tuna Satumba ta ƙarato da kuɗin lakwal na yara 4, na sake shi.

Baba na zaune kan benci ya ji komai. Ya kira ni ya ce, ɗana, yi haƙuri, mahaƙurci mawadaci. Na ce Baba, haƙurin nan shekara 13 nake dafa shi, dutsen bai nuna ba, itacen ne ya ƙare. Sai ya yi shiru. Ni ma na ji kunyar maganar daga baya, don shi ma abin tausayi ne. Mutumin nan ya haura 65, in magariba ta yi yaronsa ke gaya masa akwai rami gaba, kowa ya sani kowa ya yi gum. Kuna tsammani son tuƙi ne ya hana shi ajiyewa? Ranar da ya ajiye, ranar tukunyar gidansa za ta kife. A doka mutum ya kai 60 ya huta ya ci fansho, amma sai in maigidanka ya rubuta ka a CNPS, asusun fanshon ma'aikata, yana zuba maka, shi kuwa Baba da ya je bincike ya tarar shekarun da aka zuba masa ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. To ta yaya layi zai matsa? Na gaba ba shi da inda zai sauka, na baya an tsallako da shi ta taga, mu na tsakiya muna nan kamar jakin da aka ɗaure a rana.

Kuma wai akwai masu duba aiki a ƙasar nan. Akwai sandika, wato ƙungiyar direbobi, duk wata ana karɓar kuɗinmu, in ka kai kuka a ce ka kawo takarda. Wace takarda? Tur ɗin nan ba a rubuce yake ko'ina ba, a bakin Alhaji yake, kuma bakin na cikin ƙasa.

In ma an bi ta tushe, wa ya haɗa mu faɗa kan allo in ba waɗanda suka bar mana hanyoyi haka ba? Da hanyar Rai Buba mota na bin ta kamar ta mutane, wa zai damu ko ina aka tura shi? Garwa fa, garin da ya haifi Ahmadu Ahijo shugaban ƙasa na farko, garin auduga, ga Binuwai kwance a gefenmu tashar jirgin ruwanta ta zama tarihi, komai sai a bayan kamiyo, amma hanyar da kamiyon zai taka ita ce marainiya. Ku tambayi masu zuwa Ngaundare yadda suke isa. Ku tambayi masu Mora zuwa Dabanga zuwa Kuseri, tun da aka sace 'yan China 10 a Waza a 2014 aikin ya watse, shekara nawa aka yi ana cewa gobe, ana cewa jibi, tireloli na kifewa da kayan Chadi. Amma da ƙwallon CAN, gasar cin kofin Afirka, ta zo filin Rumde Ajiya a farkon 2022 ai mun ga yadda kwalta ke tsirowa cikin gari kamar ciyawar farkon damina. Ashe ana iyawa. Sai dai buhun shinkafar talakan Mayo Rai ba ya fitowa a talabijin.

Wajen karɓa kuwa ba a makara. Piyaj, wato kuɗin shingen hanya, sefa 500, ka biya ka faɗa rami taku 10 gaba. Gazuwal daga 575 ya koma 720 a 2023, ya sake tsalle zuwa 828 a 2024, zuwa-zuwan, wato man da ake shigowa da shi ta bayan fage, da muke lallaɓawa da shi ma ya yi tsada tun da Najeriya ta cire tallafi, kuɗin hanyarmu kuwa yana nan inda Alhaji ya bar shi. Ga masu usur kowane 'yan kilomita, takardunka cif amma sai an sha ruwa. Kuma abin da ya fi ci min rai mu kanmu ne. Da nake ofishin nan direbobi 6 na bakin taga suna ji, ba wanda ya ce uffan, kowa na addu'a kar sunansa ya koma layin Rai Buba. Da na fito wani har cewa ya yi, ai da ka ɗan riƙa gaisawa da shef ƙarshen wata da ba haka ba. Wato gaisuwa mai nauyin jaka 5. Ashe wasu sun daɗe da sayen shekarunsu, ni ina nan ina ƙirga nawa da yatsa.

An gama lodi da la'asar, buhu 200 na shinkafa da katan-katan na sabulu a sama. Na je kasuwa na sayi igiya da shebur sabo da kuɗina, don na depon an ce ya ɓata kuma ba a san wa ya ɗauka ba. Yarona ya bugo yanzu wai hadari ya haɗu ta gabas, yana tambaya ko mu ƙara tamfol. Na ce ya aro na motar Marwa, tunda ita ba ruwanta da shi. Ya ce shef ya kulle ta ya tafi da makulli.