Sunan kakanmu ya ɓace a hanyar Gwanja

Shekara uku ke nan ina neman sunan mutum ɗaya, kakan kakana, wanda a gidanmu ba a san shi da komai ba sai "Na-Gwanja". Bafatake ne. Yana cikin ayarin da ke tashi daga Kano da jakuna, a kai kanwa da tufafi Salaga, babbar kasuwar ƙasar Gwanja, a dawo da goro bayan watanni. Wata tafiyar da ya yi, shi ke nan. Ina kyautata zaton yaƙin basasar Salaga na 1892 ne ya rutsa da shi, lokacin da kasuwar ta watse, Hausawa suka bazu zuwa Kete-Krachi da sauran zangunan ƙasar da yau ake kira Ghana.

Na fara da gidan ajiye takardun tarihi na Kaduna. Abin da na gani rahotannin Turawa ne na bayan 1903, cike da sunayen sarakuna da hakimai da lissafin haraji. Talakan da ya kora jaki bai shiga ciki ba.

Ashe amsar tana ɗakin gwaggona. Kunya ce ta ɓoye sunan: matarsa ba ta taɓa furta shi ba, 'ya'yansa ma haka. Amma gwaggo ta ce, "Kai yaro, wan kakanka da ake ce wa Abba, sunan wa kake tsammani ya ci?" Muka ɗauko tsohuwar takardar rabon gado da aka rubuta da ajami, sai ga sunan yankan Abba a jiki. Wallahi sai da na yi hawaye.

Shi ya sa raina ke ɓaci da salsalar da ake yaɗawa a Facebook. Kowa daga sama yake farawa, daga Yemen ko Bagadaza ko wani gidan sarauta, alhali bai san sunan kakar mahaifiyarsa ba. Ina zuriyar fatake da maƙera da marina? Ina jikokin bayin da suka noma rinjin Kano da Zazzau a ƙarni na 19? Su ma iyaye ne, kuma sun cancanci a ambace su a yi musu addu'a da sunansu.

Gwaggo ta kuma tuna irin tsagen fuskarsa kamar yadda kakarta ta kwatanta mata. Da sunan da tsagen na aika wa wani limami a zangon Kete-Krachi, ya ce zai tambayi dattawan masallacinsu bayan sallar Juma'a.