Masu kiwon kyanwa da kare, ku daina cewa "bari mu gani zuwa gobe"

'Yan'uwana matasa, da yawanmu mun iya ɗauko kyanwa ko ɗan kwikwiyo, mu raɗa masa suna, mu watsa hotonsa a Facebook. Amma ranar da ya kwanta ciwo sai ka ji mutum yana cewa a bari a gani zuwa gobe. Dabba ba ta da bakin faɗar inda ke yi mata ciwo, kyanwa kuwa ɓoye nata ma take yi, ta shige lungu ta lafe. Tunda kai ka ajiye ta, amana ce a wuyanka, kuma akwai cututtukan da ba sa jiran gari ya waye.

Ka fara koyon duba dasashi tun dabbar tana lafiya. Ɗaga leɓenta: dasashin mai lafiya ja-ja ne, da danshi. In ka danna da yatsa zai yi fari, launin ya dawo cikin daƙiƙa 2. In ka tarar ya yi fari fat, ko shuɗi-shuɗi, to jini ya yi ƙasa ko iska ba ta isa jiki, sai asibiti nan take. Zafin jikin kare da kyanwa tsakanin digiri 38 ne da 39, in ya haura 40 akwai haɗari. Kare yakan yi haki don ya sha iska, amma kyanwa ta buɗe baki tana numfashi, wannan ba lafiya ba ce.

Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne na muzuru. Za ka ga yana ta tsugunawa yana yunƙuri, yana kuka, yana lasar gabansa, ba abin da ke fita sai ɗigo ko ma babu. Sai a ce ai cushewar ciki ce. Sau da yawa hanyar fitsarinsa ce ta toshe. Mafitsara ta cika ta yi tauri, ƙoda ta gaza, guba ta taru a jini, cikin kwana 2 zuwa 3 sai gawa. Haka babban kare da cikinsa ya kumbura farat ɗaya, yana kakarin amai ba ya fitar da komai, yana dalalar da miyau: mai yiwuwa tumbinsa ne ya murɗe, shi wannan awoyi kaɗan gare ka. Jijjiga da ta wuce minti 5, gudawar jini ga kwikwiyon da ba a yi wa rigakafi ba, karya mai naƙuda da ta yi minti 30 tana nishi ba haihuwa, duk sahu ɗaya suke.

Don Allah ku bar likitancin kai. Farasitamol da muke sha kamar ba komai ba, ƙwaya 1 tana iya kashe kyanwa, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Maganin ɓera kuma mugun makirci gare shi: irin wanda ke hana jini daskarewa, kare zai ci ya ci gaba da wasansa, sai bayan kwana 3 zuwa 5 jini ya ɓalle a ciki. Yana da makari, bitamin K1, amma sai an kai da wuri. Ka tafi da kwalin abin da ya ci, kuma kada ka ɗura masa wani abu don ya yi amai sai likita ya ce.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yau ɗin nan ka nemi likitan dabbobi mafi kusa da kai, ka tambaye shi ko yana karɓar kira da dare, in ba ya yi, wurin wa zai tura ka. Ajiye lamba biyu a waya, don ɗaya na iya ƙin shiga. In abu ya faru, kira kafin ka kama hanya, ka faɗi nau'in dabbar, shekarunta, abin da ka gani da lokacin da ya fara. Ka kuma kiyaye hannunka, dabbar da ke cikin azaba tana cizon ko da maigidanta ne. Naɗe kyanwa cikin tawul ka sa ta a kwali mai huji, kare da mota ta buge kuma ku ɗora shi kan bargo ko faifan katako, mutum biyu su ɗaga, kada bayansa ya lanƙwashe.