"Kada ku gyara," in ji takardar faifan

A tsakiyar faifan garmahon Live at Leeds, wanda ƙungiyar kiɗan rock ta The Who ta fitar a watan Mayun 1970, akwai ɗan rubutun hannu da aka buga a takardar da ke zagaye da ramin faifan. Saƙo ne ga injiniyoyin da za su yanka shi: ƙarar ƙas-ƙas da za ku ji ba laifi ba ce, kada ku gyara. Bayan shekara 25, da aka sake tace sautin aka fitar da shi a CD a 1995, sai aka sauya rubutun: an gyara ƙarar. Barkwanci ne, masoyan ƙungiyar kuma sun gane shi. Sai dai tsakanin waɗannan rubuce-rubuce biyu akwai gardamar da har yau ba a gama ba, wato iya ina hannun mai gyara ya kamata ya tsaya idan aka ba shi sautin wasan da na'ura ta ci amanar makaɗa a cikinsa.

An yi wasan ne ranar 14 ga Fabrairun 1970 a ɗakin cin abincin Jami'ar Leeds da ke arewacin Ingila, gaban ɗalibai kimanin 2,000. Wata wayar lantarki ce ta ba da matsala a kayan ɗaukar sauti, ita ta jawo ƙarar. Na saurari tsohon da sabon a jere, da abin ji a kunne, kuma gaskiya sabon ya fi daɗi. Gangar Keith Moon ta fito fes, ana jin faɗin ɗakin, waƙoƙi shida na asali sun koma 14. Ban ga abin da aka yi asara ba don an share ƙas-ƙas, domin ɗaliban da suka cika ɗakin a daren ba su ji ta ba. A kan tef kawai take. Wanda ya cire ta ya kusanto da mu ga abin da ya faru ne, kamar mai goge ƙura a gilashin taga.

Labarin washegari ne ya fi ba ni aiki. Ranar 15 ga Fabrairu ƙungiyar ta yi wasa a zauren birnin Hull, aka ɗauka shi ma. Da aka koma sitidiyo sai aka tarar jitar John Entwistle, mai kaurin muryar nan da ke riƙe da gindin kiɗa, ba ta hau tef ba a waƙoƙin farko. Aka jingine tef ɗin shekara 40. A 2010, lokacin cikar faifan shekara 40, aka fito da wasan Hull, an cike gurbin da jitar da Entwistle ya kaɗa a Leeds, an ja ta an daidaita ta da kwamfuta har ta zauna daram a kan gangar wani dare daban. Ba a ɓoye ba, an faɗa. Duk da haka abin da kunne ke ji a waɗannan waƙoƙi dare ne da ba a taɓa yi ba: mutum uku suna Hull ranar Lahadi, na huɗu yana Leeds ranar Asabar.

Masu kare aikin suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Da ba a yi facin ba, da ko dai a yanke waƙoƙin, ko a fito da su ba gindi, ko tef ɗin ya ci gaba da kwana a ma'aji har ya lalace. Jitar kuma ta Entwistle ce, ba wani aka ɗauko haya ba. Na yarda da wannan duka. Inda na tsaya shi ne faci a kira shi faci, a rubuta shi a inda mai saye zai gani, kuma a ajiye na asali yadda mai so zai same shi. Matsalar ita ce yawancin mutane yanzu a Spotify ko YouTube suke sauraro, inda babu ɗan littafin da ke cikin kwali. Bayanin ya tsaya a takarda, sautin ya tafi duniya shi kaɗai, wanda ya ji kuwa ya ɗauka haka aka kaɗa.

Wannan ɗabi'a ta girmi kwamfuta. Ranar 15 ga Agustan 1965 The Beatles suka yi wasa a filin Shea da ke Niyok gaban mutum 55,600, da na'urorin ƙara sauti da ko rabin filin ba za su cika ba. Ihun 'yan mata ya danne komai, su kansu makaɗan ba sa jin junansu. A watan Janairun 1966 suka shiga wani sitidiyo a Landan suka sake kaɗa wasu sassa suna kallon hotonsu a majigi, wata waƙa ma aka ɗora mata sautin faifan sitidiyo gaba ɗaya. Masu kallon talabijin suka ga baki yana motsi a Niyok, murya tana fitowa daga Landan, ba wanda ya gaya musu. A wurina wannan ya wuce gyara, ya shiga kwaskwarimar da ake yi wa tsohuwar mota ranar da za a kai ta kasuwa.

Amma ita wannan ƙungiya ce kuma ta ba da misalin gyaran da na fi girmamawa. An ɗauki wasanninta na Hollywood Bowl a Los Angeles a watan Agustan 1964 da na 1965 a kan tef mai layi uku kacal, a ɗaya daga cikin dararen 1965 ma makirufon Paul McCartney ya ƙi kamawa a farkon wasa. Kamfani ya saurara ya ce ba za ta sayu ba. Sai a 1977 George Martin, furodusan ƙungiyar, ya lallaɓa tef ɗin ya fitar da faifai, yana mai cewa ihun matasa 17,000 zai iya danne ƙarar jirgin sama. A 2016 ɗansa Giles Martin ya koma kan aikin a sitidiyon Abbey Road da wata manhaja da ke rarrabe sautukan da suka cakuɗe, ta janye ihun gefe, ta fito da ganga da jita. Bai ƙara ko bugu ɗaya ba, bai kuma kashe ihun ba, ya dai rage masa ƙarfi. Sakamakon ya wanke Ringo Starr, mai gangar ƙungiyar, daga tsohon zargin cewa ba wani kiɗan kirki ake yi a ƙarƙashin hayaniyar ba. Mutum ne da ba ya jin abokan wasansa, yana kallon motsin bayansu yana riƙe da kiɗan, kuma bai kauce ba. Wannan gaskiya ce da take kwance a tef shekara 50, gyara ne ya tono ta.

Akwai kuma lalacewar da ita ce labarin kanta. A gidanmu akwai wani kaset na bikin wata gwaggona. Ana tsakiyar kiɗa janareta ya yi tari ya mutu, lasifika ta ɗauke, sai kalangu kaɗai da muryar wani yana ƙwala wa yara kira su kawo mai. Da wani ƙanena ya juye kaset ɗin zuwa waya, ya ce mata, "Gwaggo, bari in yanke wurin nan, ai ɓata kiɗan ya yi." Ta ce, "Kul, ɗan nan. Wannan muryar Malam ce." Malam ya rasu shekaru da yawa kafin nan, kuma ba ta da muryarsa a ko'ina sai a wannan minti ɗaya da rabi.

Shi ya sa nake ganin waɗanda suka haɗa kundin 2019 na Woodstock, babban bikin kiɗan da aka yi a Amurka a 1969, sun fi kowa fahimtar sana'arsu. CD 38 ne, aka buga kwafi 1,969 kawai don tunawa da shekarar bikin, kuma Andy Zax da ya jagoranci aikin ya jera kusan komai yadda ya faru, har da sanarwar neman waɗanda suka ɓace. A ciki akwai wasan Grateful Dead na daren 16 ga Agustan 1969, wanda ƙungiyar da kanta ta daɗe tana jin kunyarsa har ta ƙi yarda a sa shi a fim da faifan farko. Dandali ya jiƙe da ruwan sama, lantarki yana jan makaɗa ta jikin jitocinsu, ana tsayawa ana jira ana surutu. An tsabtace tef ɗin, an daidaita gudunsa, amma an bar dogon jiran da ruɗanin. Wanda ya saurara zai gane yadda taron dubban ɗaruruwan mutane a gonar da ta zama taɓo yake, fiye da yadda kowane zaɓaɓɓen faifai zai nuna masa. Haka ma wasan Jimi Hendrix a tsibirin Wight a ƙarshen Agustan 1970, inda muryoyin masu tsaro da ke magana ta rediyon hannu suka riƙa kutsowa ta na'urar jitarsa. Kwana 18 bayan nan ya mutu. Wa zai so a goge masa waɗannan muryoyi?

Su kansu makaɗa ba kullum suke son gaskiyar ba, kuma ban cika ganin laifinsu ba. Led Zeppelin sun hana a sa wasansu na Live Aid, wanda aka yi a Philadelphia ranar 13 ga Yulin 1985 don tallafa wa masu yunwa a Habasha, cikin DVD ɗin 2004. Muryar Robert Plant ta dushe, jitar Jimmy Page ba ta saitu ba, ba a yi atisayen kirki ba. Haƙƙinsu ne su ce a'a, ko da yake intanet ta riga ta mayar da hanin wasan yara. Na fi ganin mutuncin wanda ya ce kada a fitar a kan wanda zai koma sitidiyo ya gyara muryarsa ya sayar mini da ita a matsayin ta wancan daren.

Kada kuma a manta da kuɗi. Live at Leeds ya fito a 1970, ya dawo a 1995, ya sake dawowa a 2001, ya kuma dawo a 2010, kowane zuwa da ɗan ƙari da sabon farashi. Kamfanoni sun san mai son abu ba ya ƙirga sau nawa ya saya. Kalmar "an sake tacewa" a jikin kwali wani lokaci aikin shekaru ce, wani lokaci kuma an ƙara ƙarfin sauti ne kawai har kiɗan ya rasa wurin numfashi. Yanzu da manhajojin rarrabe sauti suka shiga hannun kowa, har da na waya, kuma ƙirƙirarriyar basira ke iya kwaikwayon muryar mamaci, cike gurbi ya zama aikin yamma ɗaya. Tsofaffin kaset-kaset ɗin makaɗanmu da aka ɗauka a fada da gidajen biki, da kirarin maroƙa da guɗar mata a ciki, su ma layi zai zo kansu, in ma bai riga ya zo ba.

Na koma kan wasan Hull jiya da dare, ina neman wurin da jitar Leeds ta ƙare ta Hull ta fara. Ban kama shi ba, aikin ya yi kyau ƙwarai. Keith Moon ya mutu a 1978, John Entwistle kuma a 2002, shekara takwas kafin a ɗauko jitarsa ta Asabar a ɗora a kan gangar Lahadi, don haka cikin su biyun ba wanda aka tambaya.