Kafin a zaro ƙanƙara mai shekara miliyan ɗaya, sai da wani ya ƙirga gangunan mai

A watan Janairun 2025 masana daga Turai suka sanar da cewa sun kai ƙarshen haƙar da suke yi a wani wuri mai suna Little Dome C, can tsakiyar Antatika, nahiyar ƙanƙara da ke ƙarshen kudancin duniya. Mita 2,800 suka nutsa cikin ƙanƙara har bakin na'urarsu ya taɓa dutse, kuma abin da suka zaro daga can ƙasa ya kai aƙalla shekara miliyan 1.2 da daskarewa. Kafafen labarai suka ɗauka, aka yi ta yabon masanan, kuma sun cancanci yabo. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Wurin nan babu titi, babu rijiya, babu ko tsinken ciyawa. Tudunsa ya haura mita 3,200 daga doron teku, kuma a lokacin da suke kira damunar aiki, wato lokacin da ya fi sauƙi, sanyi yana kai digiri 35 ƙasa da sifili. To wa ya ciyar da mutanen? Wa ya lissafa man da janareto zai sha? Wa ya tuna da ƙaramin noti da idan ya tsinke aikin shekara guda ya tsaya?

Ra'ayina shi ne tsara irin wannan sansani rabin binciken ne, kuma masu yinsa ba a ba su haƙƙinsu, a can ma balle a nan wajenmu inda ake yi wa mai kula da kaya kallon ɗan aike.

Ku dubi yadda aka zaɓi wurin kawai. Mutum zai ɗauka inda ƙanƙara ta fi kauri nan ne ta fi tsufa. Ba haka ba ne. Ƙanƙara mai kauri sosai tana riƙe zafin da ke tasowa daga cikin ƙasa, sai gindinta ya riƙa narkewa, tsohon tarihin ya tafi da ruwa. Idan kuma ta yi sirara da yawa, shekarun da ke cikinta ba za su kai ba. Sai da aka kwashe shekaru ana auna abin da ke ƙarƙashin ƙanƙarar da na'urar rada, daga jirgin sama da kuma a ƙasa, kafin a tsayar da wuri ɗaya mai nisan kusan kilomita 35 daga tashar Concordia ta Faransa da Italiya. Wannan kusancin ma lissafi ne: likita yana kusa, filin jirgi yana kusa. Aikin, wanda ake kira Beyond EPICA a ƙarƙashin jagorancin Carlo Barbante na Italiya, ya fara a 2019. Korona ta cinye musu kaka guda. Kakar farko ta haƙa kusan mita 130 kawai suka yi, domin hankalinsu yana kan kafa tantuna, da gina wurin ajiya, da gwada na'ura. Wanda bai san aikin ba zai ce an yi asarar shekara. Amma kakar da ta biyo baya suka wuce mita 800, ta gaba suka wuce 1,800, ta huɗu suka taɓa dutse.

Kuma "kaka" a can wata biyu ne da ɗan ɗori, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu. Abin da bai iso ba a cikin wannan ɗan tsakani sai baɗi.

Manyan kayan Concordia ba a jirgin sama suke zuwa ba. Jirgin ruwa ke sauke su a gaɓar teku kusa da tashar Dumont d'Urville, daga nan jerin taraktoci su jawo su a kan manyan amalanke marasa taya, tafiyar kilomita 1,100, kwana goma ko fiye kafin a isa. Duk wanda ya san labarin ayarin gishiri da ke ratsa Tenere zuwa Bilma zai gane tunanin nan take: madugu ba ya tashi sai ya san abin da raƙuma za su ci a zuwa da wanda za su ci a dawowa, domin babu kasuwa a tsakani. Haka taraktocin nan, wani kaso na man da suke ja su ne za su ƙone shi kafin su kai sauran. Saboda haka kowane kilo da masani ya ce yana buƙata, akwai wanda zai zauna ya tambaye shi: lallai ne? Wannan mutumin shi ne ba a so a wurin taro, kuma shi ne dalilin da ya sa kowa ke komawa gida da ransa.

Ita kanta haƙar ba kamar ta burtsatse ba ce. Ana zura na'ura a kan waya mai tsawon kilomitoci, ta yanko sandar ƙanƙara mai faɗin kusan santimita 10 da tsawon 'yan mitoci, a jawo ta sama, a sake zurawa. Da ramin ya yi zurfi, zuwa da dawowa ɗaya sai ya ci sa'o'i. Dole kuma a cika ramin da wani ruwa na musamman da ba ya daskarewa, in ba haka ba nauyin ƙanƙara zai matse shi ya rufe. Tan-tan na wannan ruwa ake buƙata, kuma shi ma sai an jawo shi daga gaɓa. Akwai wani zurfi, daga wajen mita 600 zuwa sama da 1,000, inda ƙanƙarar ke tarwatsewa idan aka gaggauta yanka ta saboda iskar da ke matse a cikinta, sai an ajiye ta ta huta na watanni. Ke nan tun kafin a fara haƙa sai an tanadi ɗakin da za ta kwanta. Waɗanda suka yi aikin EPICA na farko, wato haƙar da ta gabaci wannan, a Dome C inda tashar Concordia take, sun ɗanɗana kuɗarsu: na'urarsu ta maƙale a zurfin kusan mita 800 a ƙarshen shekarun 1990, suka bar ta a can suka fara sabon rami. Da ba a tsara aikin da sararin jure irin wannan asara ba, da ba mu sami tarihin iskar duniya na shekara 800,000 da suka kawo daga iskar da ke matse a cikin ƙanƙarar ba. Daga wannan tarihin ne aka san cewa a duk tsawon lokacin iskar kabon ba ta wuce kashi 300 cikin miliyan ba, alhali yau ta haura 420. Duk mai magana a kan sauyin yanayi, har manomin da ke kukan ruwan sama ya rikice, hujjarsa tana da tushe a cikin wannan ramin.

Abin da ya fi burge ni kuwa a Girinlan ya faru, babban tsibirin ƙanƙara na arewacin duniya da ke ƙarƙashin Danmak. Masanan Jami'ar Kofanhegan ta Danmak, ƙarƙashin Dorthe Dahl-Jensen, sun gama haƙa a sansanin NEEM, suna so su koma wani wuri mai suna EastGRIP. Maimakon su rushe babban ginin sansanin, wani baƙin ɗaki mai siffar ƙwallo inda ake girki da cin abinci da taro, sai suka ɗora shi a kan manyan faranta masu sulɓi, suka ja shi da taraktoci fiye da kilomita 400 a 2015. Sabon wurin kuma a kan ƙanƙara mai tafiya yake, tana matsawa fiye da mita 50 a shekara, ɗauke da sansanin da ramin gaba ɗaya. Ɗakunan aikinsu na ƙarƙashin ƙasa da manyan balan-balan suka gina su: a haƙa rami, a hura balan-balan a ciki, a fesa dusar ƙanƙara a kai har ta sandare, a sace iskar a zare shi, sai ga ɗaki mai rufin baka. Ba katako, ba ƙarfe, wato ba nauyin da jirgi zai ɗauko. Wannan dabarar ba daga littafin nazarin yanayi ta fito ba, daga kan mutumin da ke fama da kuɗin jigila ta fito. Jiragen Hercules na sojan Amurka masu sauka a kan dusar ƙanƙara su ke kawo musu kaya daga garin Kangerlussuaq na Girinlan, kuma yawan abin da jirgi zai iya ɗauka ya dogara ne da yadda direban tarakta ya daddaɓe filin sauka. Idan rana ta ɗan yi zafi dusar ta yi danƙo, jirgi ba zai tashi da kaya ba. Sun rasa kakar 2020 da ta 2021 saboda korona, suka dawo suka tono sansaninsu daga ƙarƙashin dusa, suka kai gindin ƙanƙarar a Yulin 2023, zurfin kusan mita 2,670.

Akwai wata al'ada ta sansanonin Danmak da nake ganin hikima ce babba. Daren Asabar kowa yana wanka ya sa kayan ado, har da nakatai, a ba kuku hutu wasu su yi girki. Mutum talatin a wuri ɗaya na makonni, rana ba ta faɗuwa, ba inda za ka je ka huce idan ranka ya ɓaci. Wanda ya tsara sansani bai tanadi abin da zai riƙe zukatan mutane ba, ya bar rami a lissafinsa.

Bayan an zaro ƙanƙarar ma da sauran aiki. Ta Little Dome C a jirgin ruwan Italiya mai suna Laura Bassi aka ɗauko ta, cikin kwantenoni masu riƙe sanyin digiri 50 ƙasa da sifili, ta ratsa yankin da ya fi ko'ina zafi a teku kafin ta isa Turai. Firiza ɗaya ya tsaya, aikin shekaru ya zama ruwa. Hakan ya taɓa faruwa a Kanada a 2017, lokacin da firizan wata jami'a a Edmonton ya lalace, wani sashe na ƙanƙarar da aka tara daga arewacin ƙasar ya narke a ƙasan ɗaki. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji ana cewa kuɗin makanike da na kayan gyara "kuɗin gefe" ne da za a iya ragewa.

Akwai masu cewa ana ƙona mai da yawa don nazarin illar ƙona mai, kuma ana ɓata wurin da babu mai taɓa shi. Maganar mai ba ta dame ni sosai ba, Yuro miliyan 11 da Tarayyar Turai ta ba Beyond EPICA da man da aka ƙona ƙanana ne a kan abin da aka samu. Maganar ɓata wuri kuwa gaskiya ce, kuma an taɓa yin ta'asa. A Antatika yarjejeniyar Madrid ta 1991 ta wajabta wa kowa ya kwashe shararsa, don haka masu tsara sansani a yau suna lissafa fitar kaya kamar yadda suke lissafa shigarsu. Amma a Girinlan akwai Camp Century, sansanin da sojan Amurka suka gina a cikin ƙanƙara a 1959, har da ƙaramar tashar nukiliya. A nan ne aka fara haƙa ƙanƙara har gindinta a 1966, aikin da ya buɗe wannan fanni baki ɗaya. Kafin su tashi a 1967 sun riga sun cire injin nukiliyar, amma suka bar sauran bisa zaton dusa za ta binne shi har abada. Wani bincike na 2016 ya ƙiyasta cewa akwai man dizal kusan lita 200,000 a can, ban da gurɓataccen ruwa da sinadarai masu guba, kuma idan ɗumamar yanayi ta ci gaba, ƙanƙarar da ta rufe su za ta iya fara zaizayewa zuwa ƙarshen wannan ƙarni. Mutanen Girinlan ba su ne suka kai kayan ba, su ne kuma za su zauna da shi. Tun 2017 hukumomin Danmak suke sa ido a kan wurin da na'urorin awo.