Sansanonin Kuza na Filato Ma Sansanonin Yaƙi Ne

Duk ranar 15 ga Janairu, a Abuja da Jos da sauran manyan biranen jihohi, ana busa bigila, a ajiye furanni, a saki fararen tattabaru domin tunawa da 'yan mazan jiya. Sun cancanci haka, har ma da fiye da haka. Barikokinmu ma suna riƙe da labarinsu a cikin sunayensu: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Dodan da Arakan da Myohaung a Legas, duk daga yaƙin Boma aka samo su, ƙasar da ake kira Myanmar a yau, inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka gwabza da sojojin Japan. Nan Jos, barikin Rukuba na ɗauke da sunan Birgediya Janar Maxwell Khobe, wanda ya yi suna a Saliyo. Soja dai bai yar da nasa ba.

Akwai wata runduna ta wannan yaƙi da ba a busa wa bigila. Ba a ba ta kaki ba, ba a ba ta bindiga ba, diga da shebur da kwano aka miƙa mata. Sansanoninta kuwa ba a dazukan Asiya suke ba, suna nan kudu da Jos, a filayen haƙar kuza na wajajen Bukuru da Barikin Ladi. Ra'ayina shi ne waɗannan wurare sansanonin yaƙi ne kamar kowane sansani, mutanen da aka tsare a cikinsu sun ɗauki nauyin Yaƙin Duniya na Biyu a kan kawunansu, kuma shirun da muka yi a kansu sama da shekara 80 abin kunya ne a gare mu.

Ga yadda abin ya faro. Kafin yaƙin, Malaya, wadda a yau take cikin ƙasar Malesiya, ita ce kan gaba a duniya wajen haƙar kuza, kuma a hannun Ingila take. A Disambar 1941 Japan ta faɗa mata, ranar 15 ga Fabrairun 1942 Singafo ta faɗi. Cikin 'yan makonni Ingila ta wayi gari babu babbar rijiyar kuzarta, alhali ba a yaƙin zamani sai da kuza: da ita ake shafe gwangwanin abincin soja, da ita ake liƙe wayoyin rediyo da na jiragen sama, tana cikin kayan injuna iri-iri. Da suka duba abin da ya rage musu a daular, sai ido ya sauka kan Filato. Kamfanonin haƙar, irin su ATMN wanda ya fi kowanne girma, suka ce ba su da isassun lebura. Maimakon a ƙara lada har mutane su zo da ƙafarsu, gwamnatin mulkin mallaka a zamanin Gwamna Bourdillon ta zaɓi hanya mai arha, ta kafa dokar tilas a 1942. Talakawa suka sa wa abin suna diban gwamna. Daga nan zuwa 1944, lokacin da aka soke dokar, an ɗebi mutum sama da 100,000 daga lardunan Arewa.

Umarni kan fito daga Razdan zuwa ga sarki, daga sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, kowane gari da adadin da aka yanka masa. Dogarai su tattara mutane, a tasa ƙeyarsu zuwa tasha ko a hau hanya da ƙafa. Wa'adin watanni ne, amma watannin da manomi ya bar gonarsa ba ƙananan watanni ba ne. Kuma kowa ya san a kan wa irin wannan rabo ke faɗawa. Ba ɗan mai gari ake kaiwa ba, ba ɗan attajiri ba. Wanda ba shi da mai tsaya masa, shi ne na gwamna.

Mu da ke zaune a Jos mun san sanyin Disamba da Janairu, mun san yadda yake shiga ƙashi ko da mutum na cikin ɗakin siminti da bargo biyu. To a ɗauko mutumin Sakkwato ko Katsina ko Barno, wanda bai taɓa sanin irin wannan sanyi ba, a hawo da shi tudun da ya haura mita 1,200, a sa shi cikin bukkar ciyawa da aka kafa cikin gaggawa, shi da wasu da dama, daga shi sai 'yar taguwar da ya baro gida da ita. Da sassafe a fito da shi ya gangara ramin haƙa, ƙafa cikin ruwa da taɓo, a cika masa kwano da jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya ɗora a ka, ya hawo gangaren mai santsi, ya juye, ya koma. Haka har yamma, helma na tsaye yana ƙirga. Da damina kuma ruwan Filato ba ya sallama, sai dai a ji shi a jiki. Abinci bai wadata ba, domin taron ya fi ƙarfin hatsin yankin, sai da gwamnati ta koma tana karɓar hatsi daga wasu larduna don ciyar da filin haƙa, ta ƙara wa ƙauyukan da aka kwashe wa majiya ƙarfi wata wahalar. Ciwon haƙarƙari da atuni suka samu wurin zama. Ɗaruruwa suka mutu. Wurin da ya fi baƙin suna shi ne aikin madatsar ruwa ta Tenti, wadda aka gina don ƙara ruwan da ke juya injunan lantarkin da ma'adinan ke amfani da shi. Da yawa kuma suka gudu, suka bi daji da ƙafa zuwa gida, sun gwammace fushin hakimi da kwana a sansanin.

Masanin tarihi Bill Freund, a littafinsa na 1981 kan jari da ƙwadago a ma'adinan kuzar Najeriya, ya bi takardun Turawan da kansu ya fito da wannan labari. Ba ɓoyayyen abu ba ne. Tun a lokacin ma an ta da maganar a majalisar dokokin Ingila, 'yan jam'iyyar Leba irin su Arthur Creech Jones suna tambayar yadda za a ce ana yaƙi don 'yanci alhali ana tilasta wa talakawa yi wa kamfanoni masu zaman kansu aiki. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Sojan da aka kai Boma gwamnati ya yi wa aiki. Leburan diban gwamna kuwa, hukuma ce ta kamo shi, amma ramin da ya shiga na kamfani ne, ribar kuma ta masu hannun jari ce a Landan. A 1943 haƙar kuza a Filato ta kai matsayin da ba ta taɓa kaiwa ba, amma ƙarin da aka samu bai kai yawan mutanen da aka zuba ba, domin mayunwaci mara lafiya da aka kawo bisa dole ba ya aikin kirki. An ɓarnatar da rayuka, abin da aka samu bai taka kara ya karya ba.

Wani zai ce yaƙi ne, kuma yaƙi ba ya tambaya. Ingila ta tilasta wa nata 'ya'yan shiga soja, ta tura wasu ramukan kwal. Yarjejeniyar hana aikin tilas ta 1930, wadda Ingila ta sa wa hannu, ita ma ta bar ƙofa a buɗe ga lokacin yaƙi. Duk gaskiya ne. Amma Baturen da aka tura ramin kwal yana da ƙungiyar ƙwadago, yana da ɗan majalisar da zai kai wa kuka, kuma ƙasarsa ake karewa. Daga baya gwamnatinsa ta karrama shi da lambar yabo, aka kuma kafa masa abin tunawa. Manomin da aka ɗauko daga ƙauyen Zazzau ba a nemi yardarsa ba, ba a gaya masa dalili ba, da ya mutu kuma lamba ce ta ragu a littafin akawu. Ba na cewa abin da aka yi a Filato daidai yake da hanyar jirgin ƙasan da Japan ta gina tsakanin Tailan da Boma a waɗannan shekaru, inda leburorin Asiya wajen 90,000 suka halaka. Tazarar tana da yawa ƙwarai. Sai dai ƙarancin adadi ba ya mai da gawa ba gawa ba.

Wasu ƙasashen ba su bar nasu ya bi ruwa ba. Tsofaffin Kenya da aka azabtar a sansanonin tsare 'yan Mau Mau, masu tawaye ga mulkin Ingila, sun kai ƙara har Landan, a 2013 Ingila ta bayyana nadama ta biya fam miliyan 19.9 ga mutum 5,228, aka kuma gina abin tunawa a Nairobi. Senegal ta riƙe maganar sansanin Thiaroye, inda sojojin Faransa suka buɗe wa tsofaffin sojojin Afirka wuta ranar 1 ga Disambar 1944 don sun nemi haƙƙinsu, har sai da shugaban Faransa ya amsa a 2024 cewa kisan kiyashi ne. Ba sai mun je nesa ba: a Inugu akwai mutum-mutumin tunawa da mahaƙa kwal 21 da 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe a Iva Valley a 1949. Mu a nan, yaro zai tashi a Bukuru, ya yi wasa a bakin kududdufin kuza, ya gama sakandare, bai taɓa jin cewa an taɓa kawo mutane wurin nan bisa tilas ba.

Me ya sa muka yi shiru? Ina ganin dalili na farko a gida yake. Ba Bature ne ya shiga ƙauye ya nuna wanda za a kama ba. Hukumomin En'e ne suka cika adadin, kuma tona labarin zai taɓa gidajen da har yau ake girmamawa. Na fahimci nauyin wannan, kuma na san su ma sarakunan a ƙarƙashin takobi suke, wanda ya ƙi zai iya rasa rawaninsa. Amma jikokin wanda aka kama su ma suna da mutunci, kuma faɗin abin da ya faru ba cin zarafin kowa ba ne.

Dalili na biyu ya fi wuyar taɓawa, shi ne halin da Jos ke ciki. Tun rikicin 2001, duk maganar da ta shafi wa ya zo, yaushe ya zo, wa ya kawo shi, ta zama makami. Akwai masu tsoron kada a ɗauki labarin diban gwamna a ce ai ga shi nan, kawo su aka yi. Akwai kuma masu tsoron a ɗauke shi a ce mu muka gina garin da jininmu. Dukansu karkatar da tarihi ne. Hausawa da sauran al'ummu sun zo filin kuza da ƙafarsu shekaru da dama kafin 1942, akasarin waɗanda aka ɗebo kuma gida suka koma da wa'adinsu ya cika, kuma ba ƙabila ɗaya ko addini ɗaya aka ɗiba ba, har daga lardin Binuwai an kawo mutane. A ɗaya gefen, manomin Berom da ramin kamfani ya cinye masa gona, aka bar wa jikokinsa tsibin ƙasa da kududdufin da ke cin yara da dabbobi, shi ma wannan kuzar ce ta cuce shi. Wanda aka raba da gonarsa a Gyel da wanda aka raba da tasa a ƙasar Kano, hannu ɗaya ne ya taɓa su. A garin da aka daɗe ana koya wa yara cewa wahalarsu maƙwabci ne ya jawo ta, wannan yana cikin 'yan labaran da kowane ɓangare zai iya tsayawa a kai ba tare da ya ji an ci da haƙƙinsa ba. Shi ya sa nake ganin ɓoye shi ya fi faɗinsa haɗari.

Na san za a ce muna da sansanonin yau, me ya kai mu na jiya? Mutanen Mangu da Bokkos da aka raba da gidajensu a 2023 suka kwana a makarantu da wuraren ibada suna raye, suna bukatar abinci da tsaro. Babu mai musun wannan, kuma su ne a gaba. Amma a duba yadda muke ba da labarinsu: an kashe kaza, an raba kaza da muhallansu, sai a wuce. Ɗabi'ar ƙirga talaka ba tare da rubuta sunansa ba ita ce dai ta 1943, ba mu rabu da ita ba.

Abin da ake bukata ba shi da tsada. Gidan adana kayan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, yana da sashen da ke nuna yadda ake haƙar kuza, kuma shi kansa gidan albarkacin kuzar ya samu, tunda a ramukan haƙa aka tsinci gumakan Nok. Ya kamata a ware wa diban gwamna ɗaki a wurin, da taswirar sansanoni da lardunan da aka ɗebo mutane. Gwamnatin Filato ta kafa allo a Tenti, da Hausa da Berom da Turanci, mai faɗin abin da ya faru. Tunda an dawo da darasin tarihi makarantu, a sa wannan babi a ciki. Ranar tunawa da 'yan mazan jiya kuma, a ambaci leburorin kuza ko da da jimla ɗaya ce. Ƙungiyar tsofaffin sojoji ba za ta rasa komai ba don ta matsa musu wuri.

Babban aikin yana kan jami'o'i da masarautu. Fayilolin lardin Filato suna ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, wasu suna Landan, wasu takardun En'e kuma suna nan a fadoji, gara na ci. Jami'ar Jos da Gidan Arewa na Kaduna za su iya haɗa hannu su tura ɗalibai su kwafe su, lardi bayan lardi. Wanda aka ɗauka yana ɗan shekara 18 a 1943 ya kai ɗari yanzu, don haka da wuya a samu masu ba da labari da bakinsu. Amma 'ya'yansu suna nan, dattawa ne masu shekara 70 zuwa 80 a ƙauyukan Sakkwato da Katsina da Bauchi da Binuwai da nan Filato, sun ji daga bakin iyayensu wane ne ya tafi, wane ne ya gudo, wane ne aka jira bai dawo ba. Su ya kamata a fara kai wa na'urar ɗaukar magana, kuma a bana.