A ba su gadonsu, shi ke nan

Tun da na yi maganar gonar gadon nan da aka hana 'ya'ya mata rabonsu jiya wayata ba ta huta ba. Wai na tona asirin gida, wai na zubar da mutuncin manya. Madalla. Shekara 11 da rasuwar Baba, gona tana hannun 'ya'yansa maza biyu suna nomawa suna sayar da amfani, 'ya'ya mata uku suna gidajen aurensu ko tiya ɗaya ta gero ba a taɓa aika musu ba, duk wannan bai zubar da mutuncin kowa ba. Ni da na buɗe baki na ce a yi lissafi, ni ne marar kunya. Na karɓa.

To bari mu yi lissafin a nan, tunda a zaure an hana ni. Daga baya an sayar da gonar naira miliyan 8. Mamaci ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu, mata uku. Tumunin matar, wato kashi ɗaya cikin takwas, miliyan 1. Saura miliyan 7, a kasa kashi bakwai, kowane namiji ya ɗauki biyu, kowace mace ta ɗauki ɗaya. Ɗan aji uku na Islamiyya zai fitar maka da wannan kafin ka gama shan shayi. Amma me aka ba su? Dubu 50 da turmin atamfa kowacce, aka haɗa da "Allah ya yi muku albarka". Tsohuwar kuwa aka ce ai tana cikin gida ana ciyar da ita, me za ta yi da kuɗi.

Kuma abin da ya fi ba ni dariya, babban yayan nan shi ne kullum a Facebook yana rubuta cewa babu addinin da ya 'yantar da mace kamar Musulunci. Gaskiya ya faɗa. Tun ƙarni 14 da suka wuce aya ta 7 a Suratun Nisa'i ta ce maza suna da rabo, mata suna da rabo, dukiyar ta yi kaɗan ko ta yi yawa, rabo ne yankakke. Aya ta 11 da ta 12 suka zo suka faɗi kason kowa dalla-dalla, ba a bar wa malami ko sarki ko babban wa ya yi son ransa ba. Malam ya haddace "namiji yana da rabon mata biyu" kamar sunansa. Rabon mace ɗayan nan ne dai yake ɓace masa duk ranar da kuɗi suka shigo.

A ba su gadonsu. Ban ce a ƙara musu ko kwabo ba.

An ce mini idan aka ba ta mijinta ne zai cinye. To ya cinye mana. Kai da ka riga shi cinyewa wane suna za mu ba ka? Dukiyarta ce, in ta ga dama ta sayi keken ɗinki, in ta ga dama ta biya kujerar Makka, in ta ga dama ta ba mijin ya ja jari. Babu inda aka ce sai wa ya gamsu da halin suruki sannan ƙanwa za ta ci gadon ubanta.

An ce mini mu ne muke ɗaukar nauyinsu in aure ya mutu. Allah ya saka da alheri. Amma ni na ga bazawarar da ta dawo gidan ubanta da yara huɗu aka ajiye ta a ɗakin kaji, matar wanta tana yi mata gorin tuwo, alhali tana da kaso a cikin ginin da ake yi mata gorin. Da an danƙa mata nata tun farko, da ba ta zama abin tausayin kowa ba.

Sai babbar hujjar, wadda ake faɗa da sanyin murya: ai sun yafe. Ina wurin, na ga yafiyar. An tara kawunnai da baffanni a zaure, aka kira ɗaya daga cikin 'ya'ya matan tana durƙushe kanta a ƙasa, aka ce "Ke dai kin bar wa 'yan'uwanki ko?" Me kuke so ta ce? Yarinyar da aka rena a kan cewa musu da babba rashin tarbiyya ne. Ta ce "Na bari, Kawu," ta koma cikin gida ta yi kuka a bayan ƙofa. Wannan kunya ce aka yi wa fashi da ita. In kuna son ku gane yafiya ta gaskiya, ku ƙirga miliyan ɗayanta ku sa mata a hannu, ta kai gida ta kwana da shi, in ta dawo da shi da ƙafarta gobe to ta yafe.

Wallahi ba don in ci zarafin kowa nake wannan rubutu ba. Ina tsoron ranar da za a tambaye mu. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi a wuya har ƙasa bakwai. Taƙi ɗaya fa. Mu kuma muna maganar eka-eka. Ina kallon mutanen nan a sahun gaba da asuba, ina jin tausayinsu fiye da yadda nake jin haushinsu.

Masu tambayata me mutum zai yi don taimakon mata, kuna jiran a kira ku taro a otal a raba muku riga da hula ranar 8 ga Maris, ranar mata ta duniya. Ga aiki a ƙofar gidanku. Dillali ya kawo maka filin gado, tambaye shi ina sa hannun matan, in babu ka riƙe kuɗinka. Kai mai unguwa, kada ka buga hatimi a takardar da ba ka ji daga bakin 'ya'ya mata ba. Ƙanwarka tana tsoron zuwa kotun Musulunci ita kaɗai, saka hularka ka raka ta, alƙali zai raba. In kuwa kai ne gonar take hannunka, ba sai na faɗa maka ba.

Wanda ya rubuto mini cewa boko ne ya lalata ni, na gode, amma a makarantar allo na koyi tumuni da sudusi.

Af, tunda ana maganar haƙƙi, bawan Allahn da ya tafi da takalmina daga ƙofar masallaci ranar da aka yi zaman nan, sau ciki ne baƙi, ƙafar hagu an yi masa ɗinki a gefe. Da silifas ɗin alwala na koma gida, yara suna ta yi mini dariya a layi. Ka ajiye shi wajen mai shayin bakin titi, ba zan tambayi ko wane ne ba.